Mazarin Inna Tasalla

Sallama gare ku masu bibiyar labarina. Wadda yau ta fara shigowa ta gyara zama. Sunana Mashkura, 'yar Karaye ce ni, aikina kuwa shi ne abin da Ummana take kira gadin tsofaffin ƙore.

Wani ɗan gidan tarihi ne da ƙungiyar ci gaban garinmu ta buɗe a cikin tsohon gidan ƙasa da aka gyara. Akwai akusa a ciki, da garmunan da, da kayan saƙa, da jeren ƙoren Fulani masu zane. Malam Sulle ne shugabanmu, dattijo mai gilashi a kan hanci. Ni kuma nawa aikin janyo mutane ne, don idan ba a janyo su ba babu mai leƙo mu sai ƙadangaru. Ni na ƙirƙiro shirin da muke kira Tarihi Har Gida. Duk Asabar sai in ɗebi 'yan matan sakandare, mu ɗauki akwatin kayan da aka yarda a taɓa, mu shiga ƙauye mu zauna gaban tsofaffi su nuna mana yadda ake amfani da su. Wallahi ina son aikin nan har cikin raina.

Kuma ina son Zubair. Nan matsalar take.

Zubair ɗan Falgore ne ta ƙasar Rogo, yana aiki a wani kamfanin magungunan gona a Kano. Dogo ne, baƙi, ba ya da yawan magana, idan zai yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar haƙoransa. Tunda ya fara zuwa zance gidanmu ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Ranar Alhamis da safe na fito cikin atamfata mai ruwan ganye, na yafa mayafi ruwan madara, ina neman takalmina a ƙarƙashin turmi. Umma na zaune kan tabarma tana gyaran zogale.

"Mashkura, zo ki zauna."

"Umma zan makara."

"Ƙoren ba za su gudu ba. Zauna."

Na zauna a bakin tabarmar.

"Kawunnan Zubairu za su zo wajen Baffanki ƙarshen wata a tsayar da rana. Yaron nan ya faɗa min da bakinsa, danginsa ba sa son mace mai yawon ƙauyuka. Ki rubuta wa Malam Sulle takardar ajiye aiki, tun kafin su zo su ji wata magana."

"Umma, ai ba yawo nake ba, aiki ne."

"Na sani. Ni na haife ki, na san ba yawo kike ba." Ta ajiye tiren ta dube ni. "Tunda Abbanku ya rasu ba ni da wani buri irin in ga kin shiga ɗakinki. Yaro mai hankali ya zo, za ki tsaya kina ja da shi a kan akushi?"

Jama'a, idan Umma ta yi faɗa ina iya ba ta amsa. Amma idan ta ambaci Abba da wannan sanyayyar muryar, bakina mutuwa yake. Na ce to, na sa takalmi na fita, hawaye na cika min ido har bakin titi.

A ofis wani abin ya tarar da ni. Asabar ɗin nan Falgore za mu, kuma darasinmu kaɗi ne, yadda ake mayar da auduga zare da hannu. Na kira matar mai unguwar can na tambaye ta wace tsohuwa ce ta fi iyawa.

"Ai duk yankin nan ba a yi kamar Tasalla ba," in ji ta. "Sai dai tsufa ya taɓa mata kai. Ba ta gane mutane yanzu."

Inna Tasalla kakar Zubair ce, ita ta raine shi tun yana ƙarami bayan rasuwar mahaifiyarsa. Sau ɗaya ya taɓa yi min maganarta, ya yi saurin sauya zance.

Na tura masa saƙo: "Ranka ya daɗe, barka da aiki. Asabar za mu Falgore da ɗalibaina. An ce Inna gwanar kaɗi ce. Ka yarda mu shiga mu gaishe ta?"

Na ga ya karanta. Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa.

"A'a Mashkura. Don Allah kar ki mayar min da kaka abin kallo."

"Ba hoto, ba bidiyo. Gaisuwa kawai."

"Ba ta san kowa ba. Ni kaina in na je tambayata take daga ina. Me za ta koya wa yara?"

"Yaushe rabonka da ita?"

Wannan bai amsa ba. Na yi ta duba wayar har aka tashi daga aiki, shiru.

Washegari sai ga kiran Gwaggo Sadiƙa, ƙanwar mahaifinsa, wadda take jinyar Inna. Matar mai unguwa ta kai mata labari.

"'Yata, ku zo," ta ce. "Tsohuwar nan wuni take tana kallon bango. Ko hayaniyar yara ta ji ai ta samu abin saurare. Uwata ce, ni na ce ku zo."

Na rubuta wa Zubair cewa Gwaggo ta gayyace mu kuma za mu je, don ba na son ya ji a bakin wani. Na ga alamar ya karanta.

Asabar muka cika ƙaramar bas, 'yan mata cikin fararen hijabai suna ta surutu, akwatin yana kan cinyata. Damina ta yi kyau, masara da rake sun rufe hanya hagu da dama, direba yana ta kauce wa kududdufai. Kafin mu sauka na karɓe wayoyin duk masu waya na zuba a jakata. Bahijja, wadda ta fi kowa baki a cikinsu, ta turo baki.

"Anti, to me za mu ɗora a shafinmu?"

"Yau da ido za ku ɗauka."

Gwaggo Sadiƙa ta tare mu da fura mai sanyi a tsakar gida, ta shimfiɗa mana tabarmi a inuwar darbejiya. Inna Tasalla na zaune kan buzu, jingine da bango, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin zane baƙi da kallabi. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta amsa da "lafiya, lafiya," amma idonta yana can wani wuri bayanmu.

Na buɗe akwatin na fito da taskira, ɗan kwandon da ake zuba kayan kaɗi. Na nuna wa yaran mazari, siririn tsinke mai dunƙulen yumɓu a gindi, da sutu, audugar da aka shiɓe aka naɗe, da farin allin da ake shafawa a yatsu. Na yi musu bayanin da na karanta, amma gaskiya ni kaina ban iya ba. Bahijja ta ce ita za ta gwada. Ta cafki mazarin ta murza, ya wuntsila ya faɗa cikin kwanon fura. Yaran suka tuntsire da dariya.

"Ke!"

Duk muka juya. Inna ce. Ta ɗago daga jikin bango, idonta a kan hannun Bahijja.

"Wa ya koya miki riƙon mazari haka, kamar za ki soke tsire? Kawo nan."

Gwaggo Sadiƙa ta dafe ƙirji. Bahijja ta goge mazarin da gefen hijabinta, ta matsa da gwiwa ta miƙa da hannu biyu. Inna ta juya shi, ta duba tsinin, ta ɗan yi tsaki.

"Wannan ai na malalaciya ne. To, a haka za a yi. Ina alli?"

Ta dangwali alli, ta ɗaga sutu da hagu, ta murza mazarin da dama. Masu karatu, hannun nan da nake gani yana rawa ko kofi ba ya iya riƙewa, sai ga shi ya tsaya cak. Zare ya fara fitowa daga audugar siriri, fari, ba gargada, mazarin yana juyi yana wani ɗan kuka a hankali. Yaran suka matso suka kewaye ta, har Bahijja ta manta da bakinta a buɗe.

"Ba ja ake ba, lallashi ake," in ji Inna. "Ke mai surutu, zo ki karɓa. Sassauta yatsa. Haka. Ke kuma ta bayanta, daina dariya, ke ce ta gaba."

Ana cikin haka na ji tsayuwar babur a ƙofar gida, sai sallama. Muryar da zan gane ko cikin kasuwar Karaye ce. Zubair ya shigo cikin shadda ruwan toka, ƙasan wandonsa duk taɓo, fuskar nan a ɗaure. Ko kallona bai yi ba. Ya buɗe baki zai yi wa Gwaggo magana, sai idonsa ya sauka kan Inna, ya tsaya a inda yake.

Gwaggo ta yafito shi da hannu, ta nuna masa gefen tabarma. Ya zauna a hankali.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau, bawan Allah. Daga ina?"

Ya ce, "Daga Kano."

"Sannu da hanya." Ta koma kan zarenta.

Na ji kamar in nutse. Na ce a raina shi ke nan, Mashkura, kin jawo masa abin da yake gudu, kuma a gaban yara.

Sai Bahijja, Allah ya yi mata albarka da bakin nan nata, ta ce, "Inna, wa kike yi wa zaren da?"

Inna ta yi murmushi, duk fuskarta ta sauya.

"Zubairuna mana. Marayan Allah, aka kawo min shi ɗan mitsitsi, ga tari, ga sanyin damina. Na ce yaron nan ba zai kwana a tsumma ba. Na zauna na yi ta kaɗi har yatsuna suka fashe, na kai wa masaƙi a Rogo ya saƙa masa gwado. Ba ya barci sai da shi. Ko wanki na yi sai ya tsaya gindin igiya yana kuka har ya bushe."

Yaran suka yi dariya. Ba su san mai gwadon yana zaune a gefensu ba. Ni kuwa na kasa ɗaga ido.

"Yana ina yanzu?" in ji Bahijja.

"Yana makaranta. In an tashi zai zo. Kullum nan nake zama, don in ya shigo ni zai fara gani." Ta duba mazarin da ya cika, ta waiga ta ga Zubair. "Kai bawan Allah, zaman me kake? Miƙo hannuwanka in naɗe zaren nan."

Ya matso ya durƙusa a gabanta, ya ware hannuwansa biyu. Babu wanda ya nuna masa yadda ake yi, ya sani. Ta fara naɗa zaren daga wannan hannu zuwa wancan, shi kuma yana ɗan karkata su yana bin ta. Can ta tsaya. Ta kama ɗan ƙaramin yatsansa na hagu, ta shafa shi.

"Ikon Allah. Hannunka irin na Zubairuna. Har ɗan yatsan nan da ya lanƙwashe."

Hawayensa suna zuba kan shaddar, ga hannuwa a ɗaure da zare babu halin sharewa.

"In ka gamu da shi a hanya ka ce ya yi sauri," ta ce. "Ka ga hadari ya haɗo, ba ya son tsawa."

"Zan faɗa masa, Inna." "Yana hanya. Ya kusa."

"Yawwa. Allah ya yi maka albarka."

A nan Bahijja ta gane. Ta dube ni, ta dube shi, ta ja hijabi ta rufe fuska. Gwaggo Sadiƙa ta tashi ta shige ɗaki. Ni dai na zauna riƙe da taskira, ina kuka ba sauti.

Da za mu tafi Inna ta ƙi sakin mazarin. Kayan gidan tarihi ne, da sunana aka fito da shi. Na tsaya ina tunanin abin da zan faɗa wa Malam Sulle, sai Gwaggo ta fito da wani tsohon kwando daga ƙarƙashin gado. Nata kayan kaɗin ne, an ajiye su tun da ta fara ruɗewa don kar ta ji wa kanta ciwo. Inna ta ga nata mazarin, ta wurgo min namu kan cinya.

"Ungo na malalaciyarki."

Yaran suka yi ta dariya har cikin mota. Kafin mu kai Karaye sun gama tsara cewa duk sati biyu za su dawo, kuma Bahijja ta rantse sai ta kaɗa zaren da Inna ba za ta yi wa tsaki ba.

Zubair bai biyo mu ba, ya tsaya can. Na sauke yaran, na kai akwatin ofis na kulle, Malam Sulle ba ya nan. Ina isa gida bayan la'asar saƙonsa ya shigo.

"Kina gida?"

"Eh."

"Ga ni nan zuwa. Kar ki yi kwalliya, ba zance na zo ba."

Na yi kwalliyar dai. Doguwar riga ruwan hoda, ɗan kwalli, turare kaɗan. Umma tana kallona ta gefen ido tana tankaɗen garin tuwo, kuma na lura tun shigowata take kauce wa idona.

A zaure na same shi, idanunsa jajur. Muka gaisa. Ya daɗe yana juya makullin babur a hannu.

"Na zo da niyyar yi miki faɗa ɗazu," ya ce.

"Na gani a fuskarka."

"Na daina zuwa ne saboda in na je ba ta gane ni, sai in dawo in kasa cin abinci. Na ce tunda ba ta san na zo ba, ba za ta san ban zo ba." Ya girgiza kai. "Ashe wuni take a bakin bango tana jirana."

"Ka yi haƙuri da na je ba da yardarka ba."

"Gwaggo ta fi ni iko da ita. Bari wannan." Ya ɗago ya dube ni. "Mashkura, maganar ajiye aiki. Babu wani dangina da ya ce komai. Ni ne. Na ɗauka wasa kike da yara da tsofaffin kaya, na ji kunyar faɗa miki, sai na laƙa wa kawunnaina."

Wani ɓangare na zuciyata ya ji zafi, ba zan ɓoye muku ba. Kwana nawa ina jin haushin bayin Allah da ba su san hawa ba balle sauka.

"Da ka tambaye ni, da na kai ka ka gani," na ce.

"Na gani yau. Ba zan raba ki da shi ba. Gidan ma a nan Karaye zan nema, ni in riƙa zuwa Kano ina dawowa. Na fi kusa da Inna." Ya sunkuyar da kai, ɗan murmushin nan ya fito. "Ta ce gobe in dawo in riƙe mata zare, wai na fi yaran nan natsuwa."

Na yi dariya da hawaye a idona.

"Yi min iso wajen Umma," ya ce. "A gabanta na ɗaura maganar, a gabanta zan kwance."

Ya cire takalmi a bakin tabarma ya durƙusa. Bayan gaisuwa ya faɗa mata komai, bai rage ba, har da cewa shi ya ƙirƙiri zancen dangi. Umma ta saki rariyar, ta dafe kai da hannun da duk gari ne.

"Innalillahi. Zubairu, ka makara."

"Umma, kamar yaya?" na ce.

Ba ta dube ni ba. "Na ga ba ki da niyyar rubuta takardar, na ji tsoro kar kawunnan su zo su fasa. Da kuka tafi ƙauye na sa hijabi na je gidan Malam Sulle. Na ce masa aure za ki yi, kin bar aiki, ya nemi wata." "Ya ce dama akwai wadda ta daɗe tana nema. Wallahi 'yar nan, gata na ɗauka nake yi miki."

Na zauna a kan turmi. Na tuna yaran da suka rabu da ni ɗazu suna cewa Anti sai sati biyu. Na so in yi fushi, amma da na ga Umma tana share ido da bakin zane, gari ya ɓata mata kumatu, sai na tashi na je na zauna kusa da ita na riƙe hannunta.

"Laifina ne, Umma, ba naki ba," in ji Zubair. "In ta kama in je in durƙusa gaban Malam Sulle, yanzu zan je."

Bai rufe baki ba wayata ta fara ruri a kan tabarma. Duk mu ukun muka kalli fuskar wayar. Malam Sulle.

Na kasa miƙa hannu. Umma ce ta ɗauko ta, ta goge garin da ya taɓa ta, ta sa min a tafin hannu. Na dubi Zubair.

"Ɗauka," ya ce a hankali. "Ina nan."

Na yi bismillah, na kai wayar kunne.